Ranar da Hanifa ta tona min asiri kan miyar ewedu

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar bikin Rukaya, 'yar maƙwabciyarmu. Uwarta Bayerabiya ce, mai hannun kyauta, Iya Rukaya muke kiranta. Tunda na tare a layin, duk ranar da ta tuƙa amala sai ta aiko min da kwano cike da miyar ewedu, wato ayoyo. Ni kuwa in yi godiya har da rusunawa, washegari in ce mata ban taɓa cin mai daɗinta ba.

Gaskiyar magana, a Sabo, unguwar Hausawa a ƙasar Yarabawa, aka haife ni, Yarabanci a bakina kamar ruwa, amma ba na iya haɗiye ewedu. Yauƙin nan ne ba na so. (Kuɓewa ma haƙuri nake yi da ita.)

To sai Allah ya ba ni Hanifa, yarinya mai tsirfar abinci. Shekararta huɗu, amma in ta ga miya mai yauƙi sai ta datse baki kamar an sa kwaɗo. Duk wanda ya tambaya amsata ɗaya ce: halitta ce, a jini take, daga dangin ubanta ta gado.

Ranar bikin an kafa rumfa har bakin titi, 'yan okada sai zagayawa suke. Ina zaune kusa da Hajiya, surukata, Hanifa na kan cinyata, aka dire mana amala da ewedu. Yarinya ta juya kai. Maimakon in yi shiru, sai bakina ya ɗauko lacca.

"Wallahi, Hajiya, wannan ba laifin tarbiyya ba ne. Haka ake haifar wasu yaran. Ai Abbanta ma na ji haka ya yi yana ƙarami."

Hajiya ta dube ni ta saman tabarau. "Ɗan nawa? Maman Hanifa, yaron da har kwano yake suɗewa?"

Matan teburin suka fara murmushi. Ana haka sai ga Iya Rukaya da ƙaton gwaggwaronta, tana zagayen gaishe da baƙi. Ta ga kwanon yarinya ba a taɓa ba, ta durƙusa tana lallashinta.

Hanifa ta girgiza kai. "Ba na ci. Umma ta ce kamar majina take."

Na tsunkule ta a cinya. Ba ta gane ba. Ganin Iya ba ta jin Hausa sosai, sai baiwar Allah ta taimaka mata, ta maimaita da Yarabanci tsantsa, da ƙarfi. Ta ƙara da cewa duk wadda ake aiko mana, akuyarmu ce ke shanyewa.

Na so ƙasa ta tsage. Hajiya ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na rawa. Ni ba dariyar mata ce ta dame ni ba, fuskar Iya nake kallo, matar da ta kwana tare da ni a asibiti ranar haihuwar wannan yarinyar.

Sai Iya ta tafa hannu ta fashe da dariya. "Iya Hanifa! Ashe shi ya sa akuyarku ta fi ta kowa ƙiba!"

Ta jawo kujera ta zauna, ta turo min kwanon. "Oya, ci a gabana."

Na wanke hannu, na gutsuri amala, na dangwala, na rufe ido na haɗiye. Ban mutu ba. Loma ta uku ma har na ji ɗanɗanon daddawar. Hanifa na kallon bakina kamar mai kallon talabijin. Can sai ta miƙo ɗan yatsa ta lakata ta lasa. Ta ɓata fuska, amma ta sake lakata.

Yanzu tana cin ewedu in ta ga dama. Kifi kuwa, wanda kowa a gidanmu yake so, har yau ko warinsa ba ta yarda da shi, don haka ban janye maganar halitta gaba ɗaya ba. Iya ta ci gaba da aiko kwano, sai dai takan tsaya a ƙofa ta ga na kai loma.

Abin da na koya shi ne, kafin ki ɗora wa dangin miji laifi, ki fara duba yadda kike yamutsa fuska a gaban kwano. Kuma kada ki yi gulmar miyar maƙwabta a gaban yarinyar da ke jin yare biyu.