Giginyata Mai Kai Biyu

Ina da dabino, goriba da kwakwar manja a bayan gida. Amma abin alfaharina shi ne 'ya'yan wata giginya mai kai biyu, da wani maharbi ya tsinto mini a bakin dajin Kamuku. Na tara su wuri guda na rufe da ƙasa, yadda masu noman muruci ke yi. Ban gaya wa mutanen gida ba, don a ganina abin ya fi ƙarfin fahimtarsu.

Ranar da Gwaggo ta zo daga Gayam, na dawo na tarar da dafaffen muruci. Ina ci ina yi wa abokaina bayanin yadda wata rana Turawa za su zo kallon lambuna.

"Gwaggo, ina kika samo wannan? Ban taɓa cin irinsa ba."

"Naka ne, ɗan nan. Na ga ya isa haƙa, na hutar da kai."

Na tambaye ta ko ta rage ko ɗaya. Ta ce ta rage, shi ne a hannuna.

Na cinye.

Har yau, da an hango mai tallan muruci sai 'yan majalisarmu su ce, "Malam, ga lambunka nan tafe."