Tambayar da Na Tanadar wa Rukayya

Ko na so, ba zan taɓa mantawa da ranar da Rukayya ta gabatar da bincikenta a sashenmu na tattalin arziki ba. Layinmu ɗaya a Maamobi, motar haya ta trotro ɗaya muke shiga zuwa jami'a, amma ita kaɗai ake yabo. Ko koko na je saya, sai mai kokon ta tambaye ni ya karatun Rukayya. Umma ma ta fi sanin makinta fiye da nawa.

Dukanmu a kan farashin masara muke aiki: wani lokaci ya kwanta, wani lokaci ya haukace. Abin da ake gwadawa shi ne ko da gaske yanayi biyu ne yake tsallakawa tsakaninsu, ko idonmu ne kawai ke ganin haka. Ni na gama nawa, sakamako ya yi kyau, ya nuna yanayi biyun. Da na leƙa nata, sai na ga ma'aunin da ta yanke hukunci da shi bai dace da jadawalin da ke bayan littafin darasinmu ba. Allah ya yafe mini, daɗi na ji. Ban gaya mata ba (har sabuwar riga na saka saboda ranar).

Tana gama magana na miƙe, na gyara murya, na ce da alama 'yar'uwa ta manta da duba jadawali. Har shafin na ambata.

Ba ta yi fushi ba, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Ta ce jadawalin ba ya aiki a irin wannan gwaji, domin idan yanayi ɗaya ne kawai, maganar tsallakawa ba ta da ma'ana. Dole kwamfuta ta ƙirƙiro farashin gwaji da yawa a fitar da sabon ma'auni. Ta ce ta bayyana haka tun farko (lokacin ina ta maimaita tambayata a zuci).

Sai malaminmu ya cire tabarau ya dube ni. "To kai da wanne ka yi naka?"

Na ce da jadawali. Wani a baya ya ce, "Chale," yadda muke cewa a nan in aboki ya kwafsa.

Da aka sake gwada nawa, yanayi biyun nan suka ɓace. Rukayya ce ta zauna ta koya mini, a tsakar gidanmu, Umma tana ƙara mata nama.

Kishin bai bar ni ba, gaskiya. Amma yanzu in na hango kuskure a aikin wani, nawa nake fara buɗewa.