Rasuwar Madam Ƙwanni, Wadda Ta Tafi da Wasana a Cikinta

Da zuciya cike taf da baƙin ciki, ni Shafa'atu Dabo ta Illela nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar kwamfutata, Madam Ƙwanni, ranar Talata da hantsi. Ta cika a kan cinyata, ɗauke da wasan kwamfutar da muka shekara biyu muna haɗawa, wanda ba ni da kwafinsa ko'ina a duniya. Na sani. Kada wanda ya sake tambayata don mi.

Marigayiya 'yar ƙetare ce. A bayan babur ɗin kabu-kabu ta tsallako iyaka daga garin Ƙwanni, naɗe cikin zanen Umma, ta riga ta sha jiki a wani ofis da ba ta taɓa ba ni labarinsa ba. Madannanta na Faransanci ne, amma wanda ya sayar da ita ya juya mata ƙwaƙwalwa zuwa Turanci. Saboda haka in ka danna A, Q take rubuta maka. Sai da na yi mako guda kafin na gane halinta, daga nan muka zauna lafiya.

Mai haƙuri ce ƙwarai. A fuskarta na zana ɗan kabu-kabun wasanmu ɗigo-ɗigo, kamar mai ɗinkin hula, da buhun albasarsa da tafkin Kalmalo da yake faɗawa in ya yi gaggawa. Da bakinta muka tsara kiɗan, irin na tsofaffin na'urorin wasa da ake jona wa talabijin: tit-tit-tiriri in ya tashi, bulum in ya nutse. Ko sau ɗaya ba ta ce zanena bai yi kyau ba, alhali babur ɗina na farko da akuya ya yi kama.

Ciwon ajalinta zafin jiki ne. Fankarta ta yi wata uku tana fuuu, fuuu, ina yi mata fifita da murfin tukunya. Ranar Talata ta yi ƙit sau ɗaya, fuskarta ta yi baƙi. Wallahi na yi kuka, har da majina.

Malam Lawwali mai gyara ya duba ta, ya girgiza kai, ya ce uwa kam ta tafi, sai dai a gwada ceto abin da ke ciki. Ya kwance ta, ya ciro ma'ajiyarta, ya jona a tasa kwamfutar. Ga jakar wasan nan a kulle, tana neman kalmar sirri. Na zauna na rubuta albasa. Ta ƙi. Na sake, a hankali, harafi-harafi. Ta ƙi. Malam Lawwali ya tambaya ko na mance ne, na ce shekara biyu kullum ita nake dannawa, ko sunana na fi saurin mancewa. Na sake dannawa, ta sake ƙi.

Yayata Hindatu ce, wadda ta rako ni don kawai ta yi min dariya, ta tambayi ranar da na sa kalmar. Ranar farko, na ce. Nan ta tafa hannu: ashe tun kafin in san halin Madam ke nan! Ni ina danna A, ɗigo kawai nake gani a fuska, ita ko tana ajiye Q. Na rubuta qlbqsq, kalmar da ba bakin da zai iya faɗa. Jaka ta buɗe. Ɗan kabu-kabu yana nan da albasarsa, ko ɗigo bai ɓace ba.

Marigayiya ta bar caja ɗaya mai ɗaurin leda, da linzamin kwamfuta mai ciwon hagu, da wannan maraya da yanzu yake da kwafi huɗu, ɗaya a ɗakin Hindatu don ta ce ba ta ƙara yarda da ni.

Ba za a kai Madam ko'ina ba. An goge ta, an mayar mata da kusoshinta, za a kwantar da ita a saman sif ɗin Umma ranar Juma'a bayan la'asar. Zaman makoki a zauren gidanmu ne, kuma duk wanda ya zo gaisuwa sai ya buga wasan kafin a ba shi kunu. In kun kai ƙarshe, ku ɗan dakata kada ku kashe. Sunaye biyu ne za su fito na waɗanda suka yi aikin, nata ne a sama.