Tafkin Dakta Valdemiro

Duk faɗin jihar Pernambuco ban ga garin da ya yi dacen Sakataren Lafiya kamar namu na Riacho Manso ba. Dakta Valdemiro Tenório ke nan, Dodon Sauro, mai farar rigar da ba ta taɓa kusantar majinyaci ba. Kada ka tambayi makarantar da ta ba shi "Dakta". Ƙanwar shugaban ƙaramar hukuma ya aura, aka wayi gari ana kiransa haka, shi kuma bai ga dalilin gwale jama'a ba.

Shekarar da aka fara haifo jarirai masu ƙananan kai, likitocin Recife, babban birnin jiharmu, suka ce cutar Zika ce, sauro ke yaɗa ta, in ta kama mai ciki sai ta taɓa ƙwaƙwalwar abin da ke cikin. Hankalin mata ya tashi. Dakta kuwa ya garzaya gidan rediyo.

"Na yi nazari mai zurfi," in ji shi. "Jahilci ke damun garin nan, ba sauro ba. Ku rufe gangunanku! Kuma ina umartar mata su dakata da ɗaukar ciki har sai sun ji daga ofishina."

Masu cikin wata biyar dai bai faɗa musu inda za su ajiye shi ba. Batun ganguna kuwa, shekara huɗu muna fama da fari, famfo sai sati biyu yake tunawa da mu. A aljihu za mu tara ruwan?

Mai yaƙin na gaskiya ita ce Dona Lindalva, ma'aikaciyar duba-gari, mai yawo gida-gida da ludayi da bokitin ƙananan kifaye. Ta leƙa tanki, ta jefa kifi biyu su cinye tsutsar sauro, ta sa hannu a katin bayan ƙofa, ta wuce. 'Yarta tilo, Jucélia, tana ɗauke da cikin fari, kuma saboda ita uwar ko murfin kwalba ta gani a ƙasa sai ta kife shi.

Shi Dakta aikin ludayi ya yi masa kaɗan. Ya sa aka gina mutum-mutuminsa a ƙofar asibitin gari, ya take wani ƙaton sauron siminti da ƙafar dama, kewaye da ɗan tafki mai tsartuwar ruwa. Ranar buɗewa aka sha kiɗa, ya yi jawabin awa biyu, ya ambaci sunan kansa sau goma sha tara. Ruwan ya yi tsartuwa kwana shida, injin ya mutu. Abin da ya saura ya kwanta, ya yi kore shar, daidai gefen bencin da masu awon ciki ke zama tun safe.

Dona Lindalva ta zo da bokitinta. Aka yi rashin sa'a mai tafkin na nan yana duba ko an goge masa hancin siminti.

"Dakta, kifi biyu kawai zan saka. 'Yata ma nan take zama."

"Kifi? A ƙarƙashin ƙafata? Baiwar Allah, so kike 'yan adawa su ce sauro ya yi ƙwai a alamar nasara? Wannan ruwan hukuma ne. Je ki duba na talakawa."

Ta dawo da rana tsaka ta zuba su a ɓoye. Washegari ya sa aka tsame su da rariya, aka ba ta takardar gargaɗi, aka girke mai gadi. Ban taɓa ganin sauron da gwamnati ta yi wa gata haka ba.

Ana nan Jucélia ta yi ɗan zazzaɓi, ƙuraje suka feso mata, idonta ya yi ja. Kwana uku ta warware. Uwar ce ba ta warware ba. Wata huɗu tana ramewa a tsaye. Da aka haifi yarinyar, unguwarzoma ta zagaya kan jaririyar da tef ɗin awo, ta sake zagayawa, awon bai cika ba. Ba wanda zai rantse sauron ina ne. Na dai san tankin gidansu kifi huɗu ne a ciki.

Kwana biyu sai ga Dakta a ɗakin masu jego da mai hoto a bayansa. Zaɓe ya matso, ya sa an ɗinka wa jariran gari huluna da sunansa a goshi. Ya ɗauki jinjirar ba tambaya, ya kafa mata hular. Hula ta zarce, ta rufe ido, ta rufe hanci, ta tsaya a haɓa. Yarinya ta tsala irin kukan nan da ba ya jin rarrashi.

"Kuskuren tela ne," in ji masanin, yana gyara murmushi. "Za ta girma ta cika ta."

Jucélia ta juya fuska bango. Dona Lindalva ta karɓe jikarta, ta zare hular, ta zaro wata kwalba daga jaka ta danƙa masa. Ya ɗauka tukuici ne, ya ɗaga ta sama, mai hoto ya ɗauka. Ruwa ne kore, tsutsotsi na ta wutsil-wutsil a ciki.

"Daga ƙarƙashin ƙafarka na ɗebo su, Dakta," ta ce. "Su ma ka ɗinka musu. A garin nan su kaɗai ka raina har suka girma."

Hoton ya fito a jaridar Recife. Dakta ya sayi kwafi hamsin tun kafin ya karanta abin da aka rubuta a ƙasa.