Tafiyar Cindo Zuwa Duwatsun Mambila

A ƙauyen Unguwar Ɗinya akwai wani gida mai mutum uku. Akwai Malam Ilu, wanda ya shekara talatin da biyar yana koyar da labarin ƙasa a firamare. Akwai matarsa Hansai. Sai ƙanenta Cindo, ɗan shekara arba'in, ƙaƙƙarfa, mai ladabi, ba ya ƙarya ba ya musu. Matsalarsa ɗaya ce: yadda magana ta fito daga bakinka, haka zai ɗauke ta, ba ragi ba ƙari.

Da Malam Ilu ya yi ritaya sai ya ce shi fa ya gaji da zana duwatsu a allo, kafin ƙafarsa ta gaza sai ya taka na gaske. Ya sayi tanti, ya gyara tsohuwar motarsa, ya ce za su gandun dajin gwamnati da ke gindin duwatsun Mambila. Barin Cindo a gida kuwa bai taso ba. Ranar da aka taɓa bar masa gida aka ce kada kowa ya shiga, kwana biyu ya yi a ƙofar gida, don a ganinsa shi ma kowa ne.

Wata rana, kwanansu biyu a hanya, sun wuce Jalingo, mota ta yi tari ta tsaya. Hansai tana barci a kujerar baya, ta lulluɓe har kai da mayafi. Malam Ilu ya murɗa makulli sau uku, ya yi tsaki.

"Ta mutu. Cindo, ruga ƙauyen can ka samo mutane."

Cindo ya ruga. Ya tarar da dattawa a gindin mangwaro, ya ce, "Ta mutu! Tun daga gida muke tare da ita lafiya ƙalau, yanzu ta yi tari ta mutu!" Kafin ka ce me, ga liman, ga mata da tulun ruwa, ga masu fartanya. Suka leƙa mota suka ga mutum a lulluɓe, aka ɗauki salati. Hansai ta yaye mayafi ta ce, "Lafiya?" Mata suka watse, tulu ya fashe. Da aka gane zancen, masu fartanya suka tura motar suna dariya har da hawaye. Hansai ba ta yi wa Cindo magana ba har suka isa garin Bali. Shi kuwa yana ta mamaki: an ce mota ta mutu, ga ta tana tafiya, kuma ba wanda ya yi murna.

Wata rana kuma, sun isa gandun, aka haɗa su da wani ma'aikaci mai suna Buba, wanda zai raka su cikin daji. Buba ya ce, "Baba, doka ɗaya ce babba a nan. Ba a ɗaukar komai a dajin nan." Cindo ya maimaita sau uku don kada ya manta. Suka yi ta hawa har suka kai inda ruwa ke zubowa daga kan dutse, fari fat. Malam Ilu ya tsaya, idonsa ya ciko. Ya miƙa wa Cindo waya.

"Ɗauke mu hoto."

"An ce ba a ɗauka, Malam."

"Hoto ne, Cindo!"

"Hoton ba a dajin yake ba?"

Suna cikin wannan sai sandar da Malam ke dogarawa ta suɓuce ta faɗa ruwa a gaban Cindo. Ya dube ta, ya dubi Buba, ya maida hannuwansa baya. Ruwa ya tafi da sandar.

Wata rana da hantsi suna karyawa a bakin tanti, Buba ya nuna wani dutse ya ce, "Ga gwaggon biri can." Cindo ya ji an ce gwaggo. Bai san suna da dangi a wannan nisan duniya ba, amma ba a yi masa tarbiyyar wuce babba ba gaisuwa. Ya ɗauki burodinsu gaba ɗaya, ya je ya durƙusa.

"Gwaggo, ina kwana? Mun same ku lafiya?"

Gwaggo ta fizge burodin ta haye dutse. Sai ga 'ya'yanta da jikokinta sun sauko, sun fi ashirin, suka yi awon gaba da ayaba da ƙullin ƙuli-ƙuli. Cindo ya dawo jiki a sanyaye ya ce wa Hansai, "Yaya, dangin nan namu ko amsa gaisuwa ba sa yi."

Wata rana, ranar kwanansu na ƙarshe, Buba ya tafi ofis. Kafin ya tafi ya gargaɗe su kada su hau ko'ina sai ya dawo, don in rana ta karkata gajimare na sauka kan duwatsun. Amma akwai wani tsauni a bayan tantin da ya tsone wa Malam Ilu ido.

"Wannan ɗan tudun? Ni da na koyar da taswira? Awa ɗaya mun dawo."

Hansai ba ta yarda ya tafi shi kaɗai ba. Ta ɗora shinkafa da wake, ta ajiye wa Cindo ƙaramar wayarta ta ce, "In ta dahu ka buga mana. Kada ka daina bugawa sai mun ɗauka."

Shinkafa ta dahu. Cindo ya sauke, ya tsaya yana tunani. An ce ya buga, ba a ce ga abin da zai buga ba. Ya dubi wayar, ya ga in ya buge ta fashewa za ta yi, Yaya ta yi faɗa. Sai ya ɗauki murfin tukunya da ludayin ƙarfe. Ƙwal! Ƙwal! Ƙwal!

Ba wanda ya zo ya ɗauka. Ya ci gaba. Gajimare ya sauko, gari ya yi fari, tsaunin ya ɓace, har motar da ke gabansa ya daina gani. Sanyi ya shiga ƙashinsa, tafin hannunsa ya yi ƙuna ya fashe. Bai san amfanin bugun ba, bai san me ya sa Yaya take son wannan ƙara ba, ita da ko rediyo ba ta so a ƙure. Amma ta ce kada ya daina.

A can sama kuwa, Malam Ilu da Hansai sun ɓata. Ko tafin hannunsu ba sa gani, waya ba sabis. Malam ya rantse hanya tana dama. Suka taka kaɗan, sai dutsen da ya tura da ƙafa ya gangara, suka yi ta saurare ba su ji saukarsa ba. Suka ƙame a wurin. Hansai ta riƙe rigarsa tana salati. Can sai ta ce, "Malam, yi shiru." Daga hagu, nesa ƙwarai, wani abu yana ƙwal, ƙwal, ƙwal.

Da rarrafe suka bi ƙarar, kusan awa uku. Ana gab da magariba suka faɗo bakin tanti, gwiwoyi duk sun goge. Malam Ilu ya zube ƙasa yana haki.

Cindo ya gan su, ya yi murmushi, amma hannunsa bai tsaya ba.

"Cindo, ya isa haka. Mun dawo," in ji Hansai.

"Ba ku ɗauka ba, Yaya."

Ta dubi hannun nasa, jini ya ɓata ƙotar ludayin. Ta matso a hankali, ta sa hannu biyu ta ɗauki murfin.

Cindo ya sauke numfashi, ya zauna. Ya ce, "To, ta dahu. Amma fa ta huce."