Ranar da Lissafi Ya Tsayar da Ni a Raga

Ba zan taɓa mantawa da wata Lahadi a shekarun tamanin ba, lokacin da na dawo unguwarmu ta Nima hutu daga jami'a, kaina cike da kimiyyar fiziks, ina ganin har tari da atishawa zan iya hasashensu.

A lokacin ina neman Hajara, 'yar Alhaji Sule mai albasa a kasuwar Agbogbloshie. Shi ne uban ƙungiyar ƙwallon layinmu, ga shi za mu kara da 'yan unguwar Mamobi. Don in burge shi sai na duƙufa: na tattara sakamakon wasannin baya, na auna gangaren fili, na duba inda iska ke kaɗawa (da ɗankwalin ƙanwata a kan sanda, Allah ya yafe mini). Sannan na tsuguna gabansa na ce, "Baba, lissafi ya nuna za mu ci uku da nema."

Ya ce, "Ka tabbata, yaro?"

Na ce, "Kimiyya ba ta ƙarya, Baba."

Bawan Allah ya yarda. Ya sa aka dafa shinkafa da wake tukunya guda, ya gayyato makaɗa.

Abin da lissafina bai hango ba shi ne matar golanmu za ta haihu da safen nan. Muna fili aka ce golan yana asibiti. Alhaji ya waiwayo ya dube ni.

"To, kai da ka san inda ƙwallo zai bi tun kafin a buga, shiga raga."

Ni da ko kaza ban taɓa kamawa ba! Ƙwallon farko ina tsaye ina auna kusurwarsa ya wuce ta tsakanin ƙafafuna. Na biyu na yi tsalle dama, ya bi hagu. Na ukun a goshi ya same ni, tabarau ɗina ya faɗi, ƙwallon kuma ya gangara cikin raga abinsa. Hajara na bakin fili, ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta na rawa don dariya.

Da aka tashi, Alhaji ya dafa ni ya ce, "Uku da nema ɗin ya fito daidai. Ɓangaren ne kawai ka kuskure."

'Yan Mamobi suka taya mu cin abinci. Hajara kuwa Alhaji ya ba ni aurenta, amma har ya rasu "Gola" yake kirana gaban baƙi.

Tun daga ranar, in aka tambaye ni wa zai ci, nakan fara tambaya ko matan 'yan wasa duk lafiyarsu ƙalau.