Tashar da Ke Saman Gidan Surukina

Ba zan taɓa mantawa da sanyin farko da na yi a unguwar Barking ta Landan ba, kuma ko na so in manta maigidana ba zai bari ba. Har yau in ya ga na fara yi masa iyayi sai ya ɗaga waya ya ce, "A kira Gwaggo ne?" Shi ke nan bakina ya mutu.

Ina amarya a lokacin, ban daɗe da zuwa daga Kano ba, muka zauna a gidan mahaifinsa kafin mu samu flat namu. Gidan irin jerin nan ne masu manne da juna, layin jirgin ƙasa na District a bayansa, jirgi na wucewa tagogi na rawa. Mu uku ne a ciki. Ni, sai Dokta (haka nake kiran maigidan, a wani asibiti yake aiki can Camberwell, in ya tafi shift sai dai a ji labarinsa), sai Baba. Hajiya, mahaifiyar Dokta, ta rasu kafin bikinmu. Hotonta kawai na sani a falo, da koren mayafi mai ɗigon zinare.

Baba dogon tsoho ne mai shiru. Kullum da safe zan durƙusa in gaishe shi, ya ce, "Lafiya lau, sannu," ya wuce. Ko in yi tuwo ko in yi dambu, sannun nan dai ita ce ladana. Abin da ke cin raina ke nan dare da rana: shin tsohon nan ya karɓe ni a matsayin 'yarsa, ko haƙuri kawai yake yi da ni saboda ɗansa? Ga shi suruki ne, ni kuma an yi mini tarbiyyar da ko haɗa ido da shi ban iya ba, balle in buɗe baki in yi masa tambaya.

Yininsa duk a ɗakin sama yake yi, wanda ke ƙarƙashin rufi, suna ce masa loft. Na tambayi Dokta me ake yi a can, ya ce, "Baba ne da jiragensa, rabu da shi." Tsoho da furfurarsa, ya je Makka ya dawo, a ce yana wasan yara? Na ce a raina akwai dai abin da ake ɓoye wa baƙuwa.

Sai abubuwa suka fara. Gishirina na raguwa, ni kuwa na san hannuna a miya. Ganyen shayin da aka riga aka sha sai in gan shi an shanya a kan hita. Ran nan na gama turara falo zan zubar da tokar kasko, sai na ji murya a bayana, "Kada ki zubar, ina so." Baba ne. Doguwar maganar da ya fara yi mini ke nan a gidan, kuma a kan toka. Da ya miƙo hannu ya karɓa na ga yatsunsa sun rine da wani ja mai duhu, har cikin farce.

Da rana tsaka kuma, gida tsit, sai in ji kuka daga sama. Ba irin ƙarar jirgin bayan gida ba, wannan na saba da ita. Wata doguwar kuwwa ce siririya, mai ratsa kai, sannan a ƙarƙashinta hayaniyar mutane ƙasa-ƙasa, kamar kasuwa daga nesa. Mutum ɗaya na ga ya hau, amma muryoyi da yawa nake ji.

Abin da ya ƙarasa ni shi ne ɗankwalin atamfata shuɗiya. Na kwaso wanki, ina ninkewa, sai na ga an yanke gefensa. Ba yagewa ba ce, almakashi ne, an yanka tsaf. Nan take na kira Gwaggo, ƙanwar babana da ke Fagge, wadda a wurinta ko ƙadangare ya kalle ka sau biyu to aiko shi aka yi.

"Gishiri, toka, ga ƙyallen jikinki?" in ji ta. "'Yar nan, me kike jira, sai an kai ki? Mijin naki kada ki gaya masa, ɗa ba ya ganin laifin uba."

Ta sa na cika robar fesa ruwa ta guga, na yi addu'o'in da ta lissafa mini na tofa a ciki. Kowace Laraba Baba kan tafi wurin wasu abokansa bayan azahar. Ranar da la'asar, gari ya riga ya yi duhu irin na watan Nuwamba, ruwa na tsiyaya, na ɗaura zane da kyau, na kira Gwaggo a bidiyo na haye sama. Ƙofar ma ba a kulle take ba.

Warin fenti da gam ne ya fara tarbata. Hasken da ke shigowa ta tagar rufi kaɗan ne, sai da idona ya saba na ga abin da ke gabana. Gari ne guda a kan katako, daga wannan bango zuwa wancan. Jar ƙasa, bishiyoyin mangwaro, gidaje masu rufin kwano da ya yi tsatsa, tankin ruwa, layin dogo ya zagaye su. A tsakiya ga tasha, da ɗan allo an rubuta Zariya. Komai ƙarami, komai kuma ya tsufa, har da baƙin hayaƙi a jikin bango. Da a ce sabo ne yana ƙyalli da na ce kayan wasa ne. Tsufan nan ne ya tsorata ni, kamar an ɗauko wani wuri da ransa an matse shi.

Ga mutane a bakin tasha, kowanne bai kai tsawon gaɓar yatsa ba, duk sun juya fuska waje ɗaya suna jira. Na sunkuya da fitilar waya. Can gaba na ga wata mace da koren mayafi mai ɗigon zinare. Hajiya ce, wadda ke kabari. A gefenta, kafaɗa da kafaɗa, wata ce tsaye da shuɗiyar atamfa. Atamfata.

"Gwaggo," na ce, "ya tsayar da ni kusa da matacciya."

"Innalillahi! Layi ya sa ki! Ɗauke, ɗauke!"

Na ja da baya, ƙafata ta taka wani abu a ƙasa (daga baya na san makunnin wuta ne, amma a lokacin wa ya ga ta bincike?). Sai fitilu suka kama a tagogin gidajen nan ɗaya bayan ɗaya. Hayaniyar mutanen ta taso. Daga cikin wani rami a jikin bango wani baƙin jirgi ya fito a hankali, ba kowa a kusa da shi, ya yi kuwwar nan, ya nufo tasha ya tsaya daidai gaban ni da Hajiya.

Wallahi ban san na iya ihu haka ba. Gwaggo na ihu a Fagge, ina yi a Barking. Na fizge 'yar shuɗiyar na ƙulle a haɓar zane, na shiga feshi ta ko'ina, bishiya, tasha, tanki, ba wanda ya tsira. A kan teburin gefe na ga wani tarago shi kaɗai a kan farin ƙyalle, kewaye da kwalabe: gishirina, tokata, da wani jan gari. Jikinsa duk zirin ja mai duhu yana gangarowa daga rufi.

"Jini ne," in ji Gwaggo, da na haska mata. "Nan aikin yake. Ki wanke shi tas, asirin ya karye."

Na sauko da shi kicin, na jingina wayar a jikin tukunya, na samu soso da sabulun wanke-wanke na shiga dirza. Ruwa na fita ja, ina ƙara samun ƙarfi. Har wani ɗan tsani da ke jikinsa ya ɓalle ya bi ramin ruwa, ban kula ba. Hankalina na can ban ji buɗe ƙofa ba.

"Ki murje shi da kyau!" Gwaggo ke faɗi, murya a sake, ta cika kicin. "Mugun tsohon nan ba zai ci nasara a kanki ba!"

Na juyo zan amsa mata, sai ga Baba a bakin ƙofa, lema a hannu tana ɗiga. A bayansa wani tsohon Bature ne da hular sanyi, riƙe da akwatin da aka shimfiɗa wa soso a ciki. Baturen ya leƙa sink, ya ce, "Oh dear," ya cire hularsa kamar an yi rasuwa.

Na so ƙasa ta tsage in shige. Hannuna duk kumfa, na kasa ko kashe wayar. Gwaggo kuwa da ta hango fuskar Baba sai ta ce, "Alhaji, ina wuni, ya sanyi?" ta katse. Ta bar ni ni kaɗai (har yau ban gama yafe mata wannan ba).

Baba ya matso ya ɗauki taragon. Ya yi fes, yana sheƙi kamar robar da aka sayo yanzu a kanti. Ya daɗe yana juya shi. Da ya yi faɗa da ya fi mini sauƙi, amma sai ya yi magana a hankali, yana kallon abin hannunsa. Ya ce gunduwa-gunduwa yake zuwa a kwali, shi ya haɗa shi, tun bazara kuma yake tsufar da shi. Gishirin ana barbaɗa shi ne kafin a fesa fenti, in an kakkaɓe sai ya zama kamar fentin ya ɓare. Toka ita ce hayaƙin kwal, ganyen shayi shi ne busasshen ganye a gindin mangwaro. Jan garin kuwa ƙasar Zariya ce, ya ɗebo ta a bayan gidajen ma'aikatan reluwe inda aka haife shi. Irin taragon da mahaifinsa ya yi aikin gadi a ciki ne, a ƙarshen jirgi. Ranar Asabar za a nuna shi a bajekolin ƙungiyarsu ta masu haɗa ƙananan jirage, shi ya sa abokinsa ya biyo shi da akwati.

Na durƙushe a kan tayil, ina kuka ina kwance haɓar zane. Na miƙa masa 'yar shuɗiyar da hannu biyu.

"Wannan ai ke ce," ya ce. "Mijinki na sa ya samo mini ƙyallen, na ɗauka ya gaya miki. Duk ɗan gidan nan yana tashar, mijin naki ma yana cikin kan jirgi, shi ne direba." Ya karɓi 'yar shuɗiyar ya ɗora a tafin hannunsa. "Na sa ki kusa da Hajiya ne don ba ta samu ganinki ba. Da ta so ki."

Amsar da na yi watanni ina nema ke nan, ta same ni a durƙushe da soso a gabana, bayan an kira shi mugun tsoho a cikin kicin ɗinsa.

Taragon bai je bajekoli ba a shekarar. Rufin tasha ma ya kumbura saboda ruwan addu'ata, sai da aka sake shi. Dokta da ya dawo ya ji labari ya yi dariya har ya zauna a matakala, ni kuma na tuna masa wanda ya yanke ɗankwalin mutane bai faɗa ba, dariyar ta ragu. Washegari da na durƙusa gaisuwa, fuskata a ƙasa, Baba ya ajiye wani siririn burushi a gabana ya ce, "Wanda ya wanke shi zai mayar da dattin. Ki hawo bayan azahar."

Haka na shafe sauran sanyin nan a ɗakin sama, ina koyon yadda tsatsa ke gangarowa daga kan ƙusa, Baba na cewa, "Kin cika, rage," yana ba ni labarin Hajiya. Na gane cewa kunyar da ta hana ni yi wa suruki tambaya guda ita ta jawo mini wadda ta fi ta girma, a gaban baƙo kuma. Yanzu ko ƙura na gani a kan taga a gidan nan, sai na tambaya tukuna ko ta wani ce kafin in goge.